Hular Baffa Ta Riga Mu Isa

Tun da na dawo Roni ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a bakin kasuwa, har a gidan suna, sai wani ya jawo hannun rigata ya ce, "Habu, wai yaya Ingila take?" Wanda ya san ni ya san ba ni da baki a cikin taro. Da mutum uku sun zuba mini ido sai magana ta maƙale, in ce, "Lafiya lau take," in yi shiru. Shekaranjiya abokina Sule ya ce, "Ka yi shekara guda a ƙasar Turawa, tsarabar da ka kawo mana ita ce lafiya lau?" Aka yi ta dariya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tunda shi ba ya jin nauyin kowa. Ba zan ba da labarin karatu ba, domin karatu ko'ina karatu ne. Labarin ranar da na sauka zan bayar, da motar safa da ke kwasar mutane daga filin jirgin Landan zuwa garuruwa masu nisa.

Gwamnatin jiharmu ce ta ba ni gurbin ƙaro ilmin koyarwa a Manchester. Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, ana ta tura ɗalibai waje. Ana saura mako guda in tashi mahaifina ya kira ni zaure ya ce ba ni kaɗai zan tafi ba. Amininsa Alhaji Buba, falken shanu na Babura, wanda muke kira Baffa, yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Ɗansa na fari yana karatun injinan masaƙa a garin da za ni, ya kuma samo likitan da zai yi masa aiki. Shi ɗan ba zai iya zuwa Landan tarye ba saboda yana da jarrabawa a safiyar ranar, amma ya rubuto cewa mu hau safa daga filin jirgi, zai jira mu a tashar Manchester.

Ban taɓa ganin ɗan ba. A Babura kowa Injiniya yake ce masa. Shi kuwa Baffa, da yake Bafulatani ne na ainihi, ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ma yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. "Wancan yaron" kawai yake cewa.

Mahaifina ya ce, "Habu, amana ce. Hannunsa yana hannunka har ka sa shi a hannun ɗansa."

Na ce, "To, Baba."

A tashar Kazaure muka haɗu da Baffa da hantsi. Dogo ne, siriri, da farar riga da hula ƙube da ta sha wanki, ga butarsa ta ƙarfe a hannu. Motar Kano tana lodi, mutum biyu ne kacal a ciki. Ya lalubi kujerar gidan gaba, ya cire hular ya ɗora a kai, ya yafa hiraminsa a ka, ya ce in ja shi kasuwa ya yi sallama da mutane. Na ce, "Baffa, kada motar ta tashi."

Ya yi dariya. "Ɗan boko ke nan. Tun kafin a haife ka nake bin hanya, daga Magarya har Ikko. Ban taɓa ganin motar da ta tashi da hular mutum ta bar mai ita ba."

Gaskiyarsa. Muka zaga kara wurin 'yan shanu, muka zaga 'yan goro, muka yi azahar, ya sha fura. Sai ga yaron mota ya biyo mu da gudu, wai an cika, mai hula kaɗai ake jira. Muka iske direba yana ta huci, amma da ya ga Baffa sai ya ce, "Alhaji, a sauka lafiya dai, a shigo."

Labarin jirgi ba shi da yawa. Na riƙe hannun kujera har yatsuna suka yi sanyi, Baffa kuwa sai da muka daɗe a sama ya tambaye ni ko mun tashi. Da aka kawo abinci ya shinshina, ya ture, ya ciro goro. Da gari ya waye muka sauka.

Iyakar Turawa a cikin ɗaki take. Baffa ya saba da iyakar da ke bayan Babura, inda za ka gaisa da ma'aikaci, ka tambayi iyalinsa, ka wuce da shanunka. Nan kuwa layi ne dogo, kowa ya yi tsit kamar ana jiran liman. Na riga na jera fasfo ɗinmu da takardar likita da ta makaranta yadda za a nema, saboda haka ba mu daɗe ba. A wajen 'yan kwastan ne aka sha kallo. Wani jan Bature ya buɗe akwatin Baffa, ya kwance wani ƙunshi, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya. Na yi masa bayani cewa kayan miya ne. Ya juya butar, ya leƙa cikinta, ya mayar. Da ya zo kan kilishi sai ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na gaya wa Baffa a hankali, ina tsoron ransa zai ɓaci, domin don ɗansa ya sa aka yi shi.

Baffa ya ce, "To, ce masa ya kai wa yara. Kada dai ya zubar, naman bijimi ne."

Na fassara. Baturen ya yi godiya.

Tashar safa tana nan a harabar filin jirgin. Abin da na fara lura da shi, babu ihu. Babu ɗan kamasho, babu mai fisgar kayanka yana rantsuwa cewa saura mutum ɗaya. Wani babban allo ne a bango, an rubuta sunayen garuruwa, gaban kowane gari an jera lokutan tashi tun daga safe har dare. Na tsaya na karanta shi sau biyu, na sami tamu. Wata budurwa a bayan gilashi ta faɗi kuɗin tikiti. Baffa ya matso kunnena ya ce, "Taya mana."

Na ce, "Baffa, ba a tayi a nan."

"Ba a tayi? To ta yaya ake sanin mutum ya san hanya?"

Motar doguwa ce, kujerunta masu laushi, ga ɗumi a ciki. Direban ya sa kwat da laktaye kamar alƙali, kuma shi da kansa ya ɗauki kayanmu ya zuba a wani ɗaki da ke cikin motar ta ƙasa. Ƙaramar jakata, wadda takardunmu da adireshin Injiniya suke ciki, na ɗora ta a kantar da ke saman kujera. Baffa ya shiga da sallama da ƙarfi. Babu wanda ya amsa, sai wata tsohuwa mai farin gashi da ke saƙa da allurai biyu a kujerar da ke gefenmu, ita ce ta ɗago ta yi murmushi.

Muna zama, ko rabin kujerun ba a cika ba, direba ya dubi agogonsa, ya rufe ƙofa, ya tayar.

Baffa ya ce, "Mai zai sha?"

Na ce, "A'a, mun kama hanya."

Ya miƙa hannu ya shafa kujerar gabanmu, babu kowa. Ya shafa ta baya, babu kowa. "Habu, mai motar nan ya san abin da direbansa yake yi masa kuwa?"

Na yi masa bayanin allon, cewa a nan lokaci ne ke tayar da mota, ko da mutum ɗaya ne a ciki. Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, wannan ba sana'ar mai iyali ba ce.

Hanya shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami, babu akuya. Babu kuma mai cewa "akwai sauka" a gindin wata tsamiya. Motar ba ta tsayawa sai a garuruwan da aka rubuta, kuma ko an tsaya ba mai tallan gyaɗa ko rake da zai zo taga. Mutanen ciki kowa ya buɗe jarida ya rufe fuskarsa. Ni dai, in faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi. A karo na farko a rayuwata na shiga mota babu wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Baffa ne shirun ya dama. Ya ce ko a makabarta akan yi tari. Can ya ɓare goro ya ce in miƙa wa baiwar Allahn da ke ƙwaƙwas-ƙwaƙwas da allura. Tsohuwar ta karɓa ta gutsura, fuskarta ta yamutse, ta haɗiye da ƙyar ta ce yana da daɗi ƙwarai. Ita ma ta ba mu alewa mai yaji-yaji. Ta tambaye ni ko mahaifina ne. Na ce aminin mahaifina ne, za shi wurin ɗansa a yi masa aikin ido. Ta ce ita ma Manchester za ta, wurin 'yarta.

Bayan rana ta karkata, motar ta ratse zuwa wani babban wurin hutawa a gefen hanya, mai gidan abinci da gidan mai. Direba ya faɗi 'yan mintocin da za a yi, ya nuna agogo. Na gaya wa Baffa daidai yadda aka faɗa. Ya ce madalla, dama azahar ta yi. Ya ɗauki butarsa, ya cire hula ya ɗora a kan kujera, ya daddanna ta da tafin hannu, ya yafa hirami.

Na ce, "Baffa, lokacin kaɗan ne."

Ya ce, "Ai na bar hulata."

Ni ma a raina na yarda da hakan. Na ga mota ta tashi ba ta cika ba, amma tashi daban, barin fasinja a daji daban. Kayanmu suna ciki, jakata tana ciki, ga hula a kan kujera. Wane direba ne zai yi haka?

Samun ruwa ya ci lokaci. Famfon bayin Turawa an yi shi don wanke hannu, buta ba ta shiga ƙarƙashinsa, sai da na riƙa tara ruwa a tafin hannu ina ɗurawa. Sannan alƙibla. Rana ta ɓuya a cikin gajimare, na yi ta lissafi da inda muka fito da inda muka dosa har na tsayar da gabas. Muka zaga bayan ginin inda akwai ciyawa, muka shimfiɗa hirami. Baffa ba ya gaggawar salla ko a gida, ba kuma zai fara a ƙasar wasu ba. Muna zaman tahiya na ji ƙahon mota daga can gaba, sau biyu.

Da muka zagayo, inda motarmu ta tsaya babu komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

Baffa ya ji na tsaya cak. Ya ce, "Mene ne?"

"Ta tafi."

"Wa?"

"Motar, Baffa."

"Da hular?"

"Da hular."

 Iska mai sanyi tana kaɗa hiramin da ke kansa, wanda ciyawa ta jiƙa. Na cire tawa hular na sa masa, ta yi masa kaɗan, ta tsaya a tsakar ka. Can ya ce, "Lallai mun zo wata ƙasa."

Ban ruɗe ba, kuma allon nan ne ya hana ni ruɗewa. Na tuna cewa a gaban Manchester lokuta da yawa aka jera, ba ɗaya ba. Tunda wannan ta tashi a kan lokacinta, ta bayanta ma za ta zo a kan nata, ta wannan hanya, ta tsaya a wannan wuri. Tikitinmu yana aljihuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Injiniya. Zai ga mota ta iso babu mu. Idan ya hau wata ya nufi Landan nemanmu, za mu saɓa a hanya, mu sauka a garin da ban san kowa ba, da tsoho marar gani, adireshin kuma yana cikin jakar da ta yi gaba.

Na ja Baffa muka shiga gidan abincin. A bayan kanta akwai wata mace mai jiki, ta ɗaura farin gyale a gaba, tana zuba shayi. Ni da ban iya tambayar hanya a Kano ba, sai ga ni tsaye a gabanta, mutane suna layi a bayana. Na haɗa Turancin a raina tukuna, kamar zan amsa tambayar jarrabawa, sannan na faɗa mata komai daga farko har ƙarshe. Ta ajiye butar shayin ta dafe ƙirji. Ta zagayo ta kama hannun Baffa ta zaunar da shi, tana ta kiransa da wata kalma da suke kiran kowa da ita a wannan yanki, wadda idan aka juya ta da Hausa "masoyina" ce.

Baffa ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Sannu take yi maka."

Ta kawo mana shayi mai madara da burodi da man shanu, ta ƙi karɓar ko kwabo. Ta tabbatar mini wata motar tana tafe kafin la'asar ta yi nisa, kuma za ta ɗauke mu da tikitin da ke hannunmu. Na ce mata akwai wanda ke jiranmu, ina so a tsayar da shi. Ta kai ni wani ɗan ofis mai tarho, ta buga tashar Manchester, ta yi magana da wani, sannan ta rufe bakin tarhon da hannu ta ce, "Za su kira shi a lasifika idan motar ta iso. Yaya sunansa?"

Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Injiniya ba suna ba ne. Sunansa na yanka yana kan wasiƙar da ke cikin jaka, kuma sa hannu ne irin na 'yan boko, ban taɓa tsayawa na warware shi ba. Na koma wurin Baffa da sauri na durƙusa.

"Baffa, ana son sunan Injiniya."

Ya kau da kai. "Ce musu yaron Alhaji Buba na Babura."

"Ba su san Babura ba. Sunansa za a kira, ya ji ya zo."

"To ce musu Injiniya."

"Baffa, garin nan rabin mutanensa injiniyoyi ne."

Ya kurɓi shayi. Matar tana leƙowa daga ƙofar ofis da tarho a hannu, tana yi mini alama in yi sauri. Na ce, "Baffa, don Allah. Babu kowa a nan da ke jin Hausa sai ni."

Ya ce, "Kai ba mutum ba ne?"

 Na san idan na matsa masa zai yi shiru ne gaba ɗaya, domin na ga irin haka a wurin kakata. Sai na sassauta murya na ce, "To kada ka faɗa. Nuna mini hanya, ni zan faɗa."

Ya ɗan yi murmushi. "Ashe kana da wayo. Ka yi karatun allo kafin boko?"

"Na yi."

"Halifofi nawa ne?"

"Huɗu."

"Wuce naka sunan. Wuce na biyu. Tsaya a nan."

Na tashi da gudu na ce wa matar, "Usman." Na rubuta mata shi harafi-harafi a bayan takardar shayi, na ce a faɗa masa mahaifinsa yana lafiya, yana cikin mota ta gaba, kada ya bar tashar.

Motar ta biyu ta iso daidai lokacin da matar ta ce. Ta raka mu har ƙofa, ta yi wa direban bayani, ta sake kiran Baffa da kalmar nan. Ya ce in gaya mata Allah ya yi mata albarka, ya ba ta goro biyu manya.

A wannan motar Baffa bai yi ƙorafin shiru ba. Carbinsa kawai yake ja. Sai da muka yi nisa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Habu, ka san abin da ake nufi idan aka kai hular mutum gida babu mai ita?"

Na ce na sani.

"Wana ya tafi kudu da shanu ina saurayi. Hularsa da sandarsa aka kawo wa innarmu. Ba wanda ya ce mata komai, ita ma ba ta tambaya ba." Ya ja carbi. "Wancan yaron ya san labarin. Kuma zuciyarsa irin ta uwarsa ce, ba ta da ƙwari."

Na ce, "Saƙon zai same shi, in Allah ya yarda."

"Turawan nan da ba su san hula ba, za su san saƙo?"

Na ce, "Abin da suka ce za su yi, suna yi. Ai ka gani, har abin da ba mu so ba."

Ya yi 'yar dariya ta hanci.

Mun shiga Manchester ana yayyafi, gab da magariba, gidaje jajaye a jere duk iri ɗaya, hayaƙi yana fita ta kansu. Tun kafin motar ta gama tsayawa na hango Usman ta taga. Dogo ne kamar ubansa, da baƙar kwat, ya riƙe hula ƙube da hannu biyu a ƙirjinsa. A gefensa tsohuwar nan mai saƙa ce zaune a kan akwatin Baffa, jakata a cinyarta.

Daga baya ya ba ni labarin abin da ya faru. Motar farko ta iso, mutane suka sauka, babu mu. Tsohuwar, wadda ta yi ta roƙon direba ya ƙara jira bai yarda ba, ta ɗauki hular ta riƙe tun daga can. Da ta ga baƙin mutum yana leƙa tagogi sai ta nufo shi ta miƙa masa, ta ce, "Ta mahaifinka ce ko? Ka yi haƙuri, mun rasa shi a hanya." Ita tana nufin an bar mu a baya. Shi kuwa ya ce bai ƙara jin sauran maganarta ba. Da ya dawo hayyacinsa ya fahimci ba mutuwa take nufi ba, sai ya ruga ya sayi tikitin motar da ke shirin komawa Landan. Ƙafarsa ɗaya tana kan matakala lasifika ta fara kira. Sun murɗe sunan yadda bai gane ba sai a kira na uku. Tsohuwar kuma ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ƙarshen abin, ta bar 'yarta tana jira a waje.

Na sauko da Baffa a hankali. Usman ya zo ya zube a gabansa, gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙen siminti, Turawa suna ratsewa suna kallo. Ya ce, "Baffa, sannu da hanya," muryarsa tana rawa.

Baffa ya juyar da fuskarsa wajena. "Habu, tambaye shi ko ya ci abinci."

Usman ya dube ni ya ce, "Ce masa na ci."

"Ƙarya yake yi, muryarsa ta nuna. Ce masa ya ba ni hulata, ta ɗan mutane ta matse mini kai."

Usman ya miƙa. Baffa ya lalubo, hannunsa ya sauka a kan ɗansa maimakon hular, ya kuwa bar shi a nan ya ɗan jima kafin ya gyara. Ya sa hularsa, ya miƙo mini tawa. Ni kuma na kama hannunsa na dama na sa a cikin na Usman, na ce, "Ga amanar da aka ba ni." Na zaci ɗayansu zai janye. Babu wanda ya janye. Marar gani dole a ja shi, kunya ta sami uzuri.

Tsohuwar ta share ido da bakin saƙarta, ta yi mana sallama. Ban ƙara ganinta ba, ban kuma san sunanta ba.

A ɗakin Usman muka kwana, ɗaki ɗaya a saman bene a gidan wata gwauruwa mai kyanwa uku, wadda ba ta yarda a yi girki mai yaji bayan ta kwanta. Daren farko kifi da soyayyen dankali ya sayo mana, an naɗe a takarda. Baffa ya ci ya ce kifin ba laifi, amma ina abincin? Washegari Usman ya tuƙa tuwo da garin semolina, aka kaɗa kuka da daddawar da ta tsallake kwastan, mai gidan ta hawo tana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakin. Bayan kwana biyu na koma masaukin ɗalibai, inda na yi shekarata da dafaffen kabeji da dankali. Safa kuwa na hau ta ba adadi bayan haka, har ɗalibai sababbin zuwa ni ake turawa in taro su daga filin jirgi. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, idan an tsaya hutu, ya yi alwala da agogo a hannu.

Aikin ido ya yi kyau. Baffa ya riga ni dawowa da watanni. Makon jiya na je Babura gaishe shi, na same shi a kara da tabarau mai kauri, yana duba haƙoran wani bijimi da kansa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe haka kake? Na zaci ka fi haka tsawo."

Da zan koma ya ce sai ya raka ni tasha. Motar Kazaure tana lodi, saura mutum uku. Na ce bari in zauna a ciki, yanzu za ta cika. Ya ce ban isa in bar Babura ban ci tuwon gidansa ba. Ya cire hular nan, ita dai, ya ɗora a gidan gaba, ya daddanna ta da tafin hannu.

Muka je gida. Aka kawo tuwo, aka kawo fura, ya sa aka kira maƙwabta ya ba su labarin matar da ta ba mu shayi, ya ce har yau yana zargin ban fassara masa duk abin da ta ce ba. Ni dai ina ta satar kallon agogona. Da muka komo tasha mota ta cika maƙil, fasinjoji suna ta fifita da tsaki, direba ya kashe inji ya zauna a kan bonet. Yana hango mu ya diro.

"Haba Alhaji! Tun ɗazu mutane suke zagina."

"To me ya hana ka tafiya?"

Direban ya dube shi kamar ya yi saɓo. "In tafi da hularka?"

Baffa ya ɗauki hular ya kaɗe ta, ya sa, ya buɗe mini ƙofa. Sai da na zauna ya sunkuyo ta taga ya ce, "In za ka ba da labarin can, ka haɗa da wannan."